Wane faifan Sade ya kamata ka fara saya?

Da yawa suna ɗauka Sade mawaƙiya ce ita kaɗai. Ƙungiya ce ta mutum huɗu da aka kafa a Landan: Sade Adu, haifaffiyar Ibadan a 1959, da Stuart Matthewman mai busa saksofon da kaɗa jita, da Andrew Hale a kan piyano, da Paul Denman mai jitar bas, wato mai kaurin sauti. Kundi shida kacal suka fitar daga 1984 zuwa 2010.

Kiɗansu kashi biyu ne. Diamond Life na 1984 da Promise na 1985, waɗanda Robin Millar ya yi aikin ɗaukarsu, salon jaz ne mai santsi, busa ta yi yawa, ganguna kuwa hannu ne ke kaɗa su. Daga Love Deluxe na 1992 sai busar ta ja baya, bas ya yi nauyi, kiɗan na'ura ya shigo. Mai son busa ya fara da Diamond Life. Wanda lasifikarsa ke ɗaukar bas sosai, Love Deluxe ya fi dacewa da shi, don a ƙaramar lasifikar waya rabin daɗinsa ɓacewa yake.

Tarin waƙoƙi fa? The Best of Sade na 1994 waƙa 16 ne, amma a kundi na huɗu ya tsaya. The Ultimate Collection na 2011 CD biyu ne, ya haɗa har da waƙoƙin kundayen 2000 da 2010. In guda ɗaya za ka saya, wannan ne.

Masu garmaho su lura: asalin baƙin faifan Promise waƙa tara ne, CD da kaset kuwa 11. Akwatin This Far na 2020 ya tattara duka shidan, an sake gyara sautinsu a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, sai dai tsada. Tsohon bugu na hannu ya fi araha, amma ka ɗaga shi a haske ka duba karce, ka kwantar da shi a tebur ka ga ko ya lanƙwashe. Zafi ke jawo hakan, shi ya sa ake jera su a tsaye, nesa da rana.

CD kuma juya bayansa: na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi.