Ƙwallon taswira mai tudu da kwari, da tambayar 'yata kan Indiya

Wata uku ke nan da na sayo wa 'yata wannan ƙwallon taswirar duniya, irin wanda aka yi wa duwatsu tudu a jiki, kana shafawa kana jin su. Faɗinsa santimita 30, gindinsa na ƙarfe ne, ba ya rawa in ana juya shi. Abin da ya sa na saye shi tambaya ce da ta dawo da ita daga makaranta: "Baba, don me ake ce wa Indiya da maƙwabtanta ƙaramar nahiya, Turai kuwa nahiya ce cikakkiya?" Taswirar bango ta kasa amsa mata, don komai a kanta shimfiɗe yake.

Ranar da ya iso na ɗora yatsanta a kan Delhi, na ce ta tura arewa. Nan take ta ci karo da tsaunukan Himalaya, katanga mai tsawon kusan kilomita 2,400, ga tsaunukan Karakoram da Hindu Kush sun tare arewa maso yamma, teku kuma ya kewaye kudu. Indiya, Pakistan, Bangladesh, Nepal da Bhutan duk suna cikin katangar, Sri Lanka da Maldives na tekun da ke gefe. Yanki ne mai iyakarsa, amma ƙasarsa a manne take da Asiya, babu ruwan da ya raba su, shi ya sa ba a ba shi cikakken sunan ba.

Daga nan muka koma tsaunukan Ural, waɗanda aka ce su ne iyakar Turai da Asiya. Da ƙyar ta ji su, don mafi tsayinsu bai kai mita 1,900 ba, Everest kuwa mita 8,849 ne. Ta ce, "To ai ita ma Turai a manne take." Gaskiyarta. Turai ta gaji matsayinta ne daga Girkawan da, waɗanda suka kasa duniyar da suka sani gida uku: Turai, Asiya da Libiya (sunan da suke kiran Afirka da shi). Turai ta fi yankin Indiya faɗi fiye da ninki biyu, amma mutanen yankin sun ninka nata fiye da biyu. A nan ƙwallon ya biya kuɗinsa.

Inda ya gaza, kuma abin ya dame ni, bai nuna layukan faifan ƙasa ba, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi a hankali. Indiya na da nata faifan. Ta ɓalle daga tsohuwar nahiyar Gondwana, ta rabu da Madagaska, ta yi ta tafiya arewa har ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, karon da ya ɗaga Himalaya. Har yau tana turawa 'yan santimitoci duk shekara, irin motsin da ya haddasa girgizar ƙasar Nepal ta 2015. Sai da na yanka takarda da siffar Indiya na ja ta a kan tekun kafin yarinyar ta gane.

A kuma gaya wa yara an kambama tsayin duwatsun. Da ma'aunin gaskiya aka bi, Everest a ƙwallo mai wannan girma ba zai kai rabin milimita ba. Rubutun ƙananan ƙasashe ya yi ƙanƙanta, Bhutan sai an matso sosai. Duk da haka zan sake sayensa, yanzu ma ƙaninta ya fara neman tsaunukan Andes da yatsa.