Ɗalibinka ɗan Polan yana son Turanci mai zurfi, me za ka ce ya saya?

Jama'a tunda na fara koyar da Turanci anan Warso, irin darasin gida ɗinnan da ake biya awa awa wanda su suke kira korepetycje, tambayar da 'yan'uwa masu wannan sana'ar suka fi yi min ita ce wane littafi ko wace manhaja za su ce ɗalibi ya saya. Toh ga abinda na gani. Amma fa maganata akan wanda ya riga ya iya ne, ya ci jarrabawar matura mai zurfi ta ƙarshen sakandare wato wajen matakin B2 a ma'aunin iya yare na Turai, yanzu yana so ya hau C1 ko C2, matakan ƙoli.

Kafin kasa mutum ya fidda kuɗinsa ka fara gano inda ciwon yake. Kusan kowannensu zai zo maka da cewa karin maganar Turawa yake so ya haddace don yana ganin nan adon yake, amma ka barshi yayi magana minti goma zaka ji matsalar tana wani wajen daban. Akwai kalmomin da suka yi kama da na yarensu amma ma'ana ta sha bamban, aktualny a wajensu abu na yanzu ne sai ya ɗauka actual ma haka take, szef oga ne chef kuma mai girki, pensja albashi ne pension kuwa fansho. Wadda tafi cin mutane ita ce ewentualnie, tana nufin in ta kama, sai su maida ta eventually. Wata ɗalibata mai aikin akanta ce, ta rubuta wa abokin cinikinsu ɗan Ingila eventually akan maganar ragin kuɗi tana nufin watakila, shi ko ya riƙe cewa alƙawari aka yi masa, wallahi ranar da tazo darasi abin ya dame ni sosai don kalma ɗaya ce ta jawo mata. Ga kuma yarensu bashi da irin ƙananan kalmomin Turancin nan a da the kwata kwata, sannan make da do duk robić ne a bakinsu.

Shi yasa in littafi ɗaya tak za'a saya ni nafi karkata ga jerin nan na Cambridge da Michael McCarthy da Felicity O'Dell suka rubuta. Akwai English Vocabulary in Use na matakin Advanced, akwai na Idioms, akwai na Phrasal Verbs, akwai na Collocations, tsarinsu ɗaya, shafin hagu bayani na dama aikin gwaji. A cikinsu na Collocations nake cewa a fara saya, shi ke nuna wace kalma ce ke zama da wace, kaman yadda mu muke cewa shan iska da cin kasuwa ba mai musanya su. Na Idioms yafi daɗin karantawa gaskiya amma shi zan sa a ƙarshe. Ka lura a sayi bugun da ke da amsoshi a baya. Raunin littattafan shine Turanci ne zalla, marubutan basu yi su don ɗan Polan ba, don haka tarkon ewentualnie ɗin nan kai malami kai zaka toshe shi. Sabo ana samu a kantin littattafai na Empik, na hannu kuma a shafukan saye da sayarwa na Allegro ko OLX da sauƙi, sai dai ace mai sayarwa ya turo hoton ciki don wasu an cike su da biro.

Ƙamus kam bana sa kowa ya saya sai mai aikin fassara, shi ne babban na kamfanin ɗab'in Polan PWN da Oxford zai yi masa rana. Saura ƙamus ɗin Diki ya ishe su kyauta a intanet, in suna son bayani da Turanci kuma ga Oxford Advanced Learner's shima kyauta.

Sai katin hadda, fiszki suke ce musu, kuma 'yan Polan na son abinnan sosai, zaka ga mutum a taram, jirgin ƙasan cikin gari, da ɗan ƙunshinsu yana juyawa. Ba banza ba, ɗan ƙasarsu ne Piotr Woźniak ya ƙirƙiri SuperMemo a Poznań a 1987, manhajar da ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake gab da mantawa, wadda ka riƙe ta jinkirta ta, wadda ke kufce maka ta dinga kawo ta kusa kusa, irin tilawa dai amma da lissafi. Manhajar Anki ma akan lissafin SuperMemo ta ginu, kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone ne ake biyan wajen dala 25 sau ɗaya. Ana sayar da katunan takarda shiryayyu a kwali matakai matakai, suna da kyau ga mai B1, amma ga wanda ya kai nan sai ka tarar rabin kwalin ya sani, kuma kalma ɗaya da fassara ɗaya ita ke ƙara dasa kuskuren da muke gudu. Ni abinda nake yi duk kuskuren da ɗalibi yayi a darasi na rubuta, ya koma gida ya maida shi kati a Anki da cikakkiyar jimla a ciki, minti goma sha biyar kullum. Wanda ya daure wata uku zaka ji bakinsa ya canza, wanda ya tsallake sati biyu katunan su taru masa ɗaruruwa sai ya gudu, don haka kada ka bari ya zuba sabbi da yawa a rana.

Manhajojin biya duk wata, eTutor tasu ce ta gida bayani da yarensu, ta dace da mai son a tsara masa komai. Duolingo na masu farawa ne. Kowacce dai a duba ko tana sabunta kanta ta cire kuɗi.

Dawowa kan karin maganar, ai suma suna da nasu masu daɗi. Abu mai sauƙi suce bułka z masłem wato burodi da bota, in mutum ya kambama ƙaramin abu suce ya maida allura cebur mai yatsu, wata ɗaliba da ke karanta Hausa a Jami'ar Warso, eh ana koyar da Hausa a can shekara da shekaru, ita ta tuna min da allura ta tono garma duk da ma'anar ba ɗaya bace. Matsalar littattafan karin magana masu arha ita ce cike suke da tsofaffi irin raining cats and dogs da da wuya kaji Bature na faɗa yanzu. Kafin ɗalibi ya haddace ya rubuta ta a YouGlish, shafin da ke nemo kalma a bidiyon YouTube, yaji ko mutane na faɗa da gaske, ko ya bi shirin BBC The English We Speak, duk kyauta. Kuma don Allah kace ya kashe lektor, wato muryar mutum ɗaya da ke karanta fassara saman fim a talabijin ɗinsu, ya kunna rubutun Turanci a ƙasa.

In takarda yake nema, tambaye shi wacce wajen aikin ko jami'ar suka ce kafin a sayi komai. Shaidar C1 Advanced ta Cambridge bata da ranar ƙarewa, sakamakon IELTS shekara 2 aka saba karɓa. Mai zuwa ta Cambridge ya ƙara da littafin tsofaffin tambayoyi, don sashen Use of English haɗin kalmomin nan yake gwadawa kai tsaye.