Farashin Data Daga Ƙasa Zuwa Ƙasa: Wane Layi Matafiyi Zai Saya?

Kuɗin giga ɗaya ya danganta da inda ka sauka. A binciken da kamfanin Cable na Birtaniya ya fitar a 2023, Isra'ila ce ta fi arha da senti 2 na dala, Italiya senti 9, Indiya senti 16. A Amurka a lokacin sai ka ba da dala 6, Zimbabwe kuwa ta haura dala 40. Gasa ce ke karya farashi: shigar kamfanin waya na Jio kasuwar Indiya a 2016, da na Iliad kasuwar Italiya a 2018, ta sa tsofaffin kamfanoni suka sauko dole.

Sai dai wannan arhar ba ta kai wa ga mai yawo da layinsa na gida, shi kam asara ce tsagwaronta. eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da katin sim ba, irin na kamfanonin Airalo da Holafly, ya dace da mai gajeriyar tafiya, amma galibi data ce zalla babu lamba.

Ni layin ƙasar da na sauka nake zaɓa. Farashin 'yan gari za ka biya, ga lambar da direba ko mai masauki zai same ka, in matsala ta taso kuma akwai ofishin da za ka je. A Tarayyar Turai ma, tun Yunin 2017 layin Italiya yana aiki a Faransa da Jamus ba ƙarin caji, illa akwai adadin gigar da aka ƙayyade. Ka riƙe fasfonka don rajista. A Saudiyya har zanen yatsa ake ɗauka.

Amma don Allah kada ka sayi sim a hannun masu tare baƙi a bakin filin jirgi. Sau da yawa da sunan wani aka yi rajistarsa, ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma ba ka san abin da aka aikata da lambar ba. Akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗin eSIM su turo lambar QR, wato hoton da waya ke karantawa don kunna layin, da ba ta aiki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne "data mara iyaka". Wani kamfani ya sayar min da ita, bayan 'yan gigogi gudun ya koma tafiyar hawainiya, ko taswira ta ƙi buɗewa. Ka tambaya giga nawa ne a cikakken gudu, ko an yarda ka jona kwamfuta, da ranar ƙarewar wa'adi. Ka sa a kashe sabuntawa ta kai-tsaye, sannan ka duba datar ta shiga kafin ka bar shagon.