Shokazoba a Ohayo da shokazoba a Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya.

Na ji saƙonka cewa Hilux ɗinka ta fara rawa a hanya, kuma makanikenka ya ce a sa mata shokazoba ta hannu, 'yar Beljiyam. Ina roƙonka kada ka yarda. Kwanan nan na canza na tawa motar da hannuna a nan Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka, shi ya sa nake son ka ji yadda abin yake a wajenmu.

A Amurka ba a sayar da Hilux. Tun 1995 kamfanin Toyota ya maye gurbinta da Tacoma, ita nake ja. Ƙirarsu ta yi kusa: a baya sifirin mai falle-falle, a gaba sifirin mai murɗe da shokazoba a cikinsa. Kuɗin aikin makanike a nan da awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya ta haura dala 100 a yawancin gareji. Shokazobar baya mai kyau kuwa tana kamawa tsakanin dala 50 zuwa 100. Wato ladan ɗaurawa yana iya fin kuɗin kayan. Saboda haka ranar Asabar za ka ga magidanci, ko da ma'aikacin banki ne, kwance ƙarƙashin motarsa a ƙofar gida. Masu haya a gidajen bene ma sau da yawa dokar gidan ta hana su gyara a wurin ajiye motoci, sai su roƙi fili a gidan aboki.

Abin da ya fi burge ni shi ne sayen kayan. Ka shiga shago irin su AutoZone ko O'Reilly, ka faɗi shekarar motar da samfurinta, ko ka ba da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, kwamfuta ta fitar da abin da ya dace da ita. Ga KYB ta Japan, ga Monroe, ga Bilstein ta Jamus, kowace a kwalinta da garanti, kuma suna ajiye bayanin cinikin da lambar wayarka. In ta fara yoyo ka mayar. Har kayan aiki suna ba da aro: ka ajiye kuɗin jingina, ka dawo da abu, a mayar maka da kuɗinka cif. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kuwa, ka sani, kwali ɗaya ne da suna ɗaya, amma sai ka yi sa'ar ɗan kasuwa mai amana kafin ka san asali ce a ciki ko jabu. Wannan yana ci mini rai, domin direbanmu ya fi na nan buƙatar kaya nagari, hanyarsa ta fi muni.

Amma a wajen hannu, wallahi namu sun fi. Makaniken Kano zai danna gefen mota, ya ji motsinta, ya gaya maka ciwonta kafin na nan ya gama rubuta takardar karɓar mota. Kuma ba ya fama da abin da ya fi wahalar da mu: tsatsa. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarƙashin mota, noti ya manne ya ƙi motsi. Shokazobar baya ƙulli biyu gare ta kawai, sama da ƙasa, aikin da bai kamata ya ɗauki lokaci ba, amma sai da na fesa man sassauta tsatsa tun daren jajibiri. In za ka sayi mota tokumbo da ta fito daga arewacin Amurka, ka sa a leƙa ƙarƙashinta sosai.

Dalilin da ya sa na hana ka ta hannu shi ne, shokazoba ba a gane lafiyarta da ido. A cikinta akwai mai da fistan mai ƙananan ƙofofi, sau da yawa da iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa. Ita ke hana sifirin ci gaba da tsalle, ta riƙe taya a ƙasa. Kamfanonin da ke yin ta suna ba da shawarar a duba ta daga wajen kilomita 80,000. Wadda aka ciro daga wata mota, wa ya san nawa ta yi? A wanke ta, a shafa mata fenti, ta yi ƙyalli, alhali ta gaji. In ta mutu taya tana cinyewa rami-rami, birki yana ƙara nisa kafin ya tsayar da mota, ga gaba yana dukawa. A hanyar Zariya da buhunan masara a baya, wannan maganar rai ce.

Kuma in bayan motar ya zauna saboda lodi, sabuwar shokazoba ba za ta ɗaga shi ba. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shi za a duba.

Ka sa a canza biyu tare, hagu da dama. Kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai, a tokare ta da ƙarfe. A ɗaure ƙullin ƙasa na ƙarshe bayan an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage da wuri. Na gaba kuma, murɗaɗɗen sifirin nan a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska. A nemi mai na'urar matse shi, ba a yi da igiya ko waya ba.

Da zan iya da na aiko maka daga nan, sai dai shagunanmu ba su da Hilux a lissafinsu, kuma ta Tacoma ba lallai ta shiga ba. Ka turo mini lambar jikin motar in nemo maka ainihin lambar kayan, ka kai wa dilan da ke sayar da sabo ya ba ka rasit. Abin da ya ƙaru a kan kuɗin ta hannu ni zan cika.

A gaida Hajiya, a ce ta sa mu a addu'a.