Sabuwar motata ta ƙi ɗaukar wuta a kan otoban, ga yadda muka ƙare da masu gareji a Jamus

Salam jama'a, ya gida ya iyali, da fatan duk kuna lafiya. Masu ta tambayata wai ina labarin motar da nace na saya, me yasa shiru ba hoto ba komai, to ba rowa bace, motar ce ta fara gwada min hali tun ban gama sanin ina ake kunna mene ba, shi yasa nace bari ƙura ta lafa tukunna.

Sabuwa ce dal, ba 'yar kwatano ba, ba ta hannu ba, ni na ɓare ledar kujerunta. Sunan kamfanin kam ku bar min shi. Ƙaramin inji ne mai silinda uku da turbo, giya otomatik, irin waɗanda suka cika kasuwar Turai yanzu saboda dokokin hayaƙi, injin ɗan mitsitsi amma turbo ke tura mai iska da ƙarfi sai ya yi aikin babban inji. Ku riƙe wannan dan shi ne tushen maganar.

Wanda bai taɓa hawa otoban ba, wato babban titin gudu na Jamus, ba zai gane me ake nufi da mota ta ƙi ɗaukar wuta ba. Layin da ake baka ka ɗauki gudu kafin ka shiga cikin motoci gajere ne, a layin dama tireloli ne jere suna tafiya kilomita 80 zuwa 90 a awa, a layin hagu kuma a wuraren da babu iyakar gudu wani zai wuce ka da 200 ko kallonka bai yi ba, 130 ɗin da ake faɗa shawara ce kawai. To ina kan wannan gajeren layin na taka totur har ƙasa, inji ya yi gurnani, allurar gudun inji ta hau wajen 3,000 ta tsaya cak, motar tana ta jan jiki kamar jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ga tirela a bayana tana min fitila tana danna hon, ga wata fitila ruwan ɗorawa mai zanen inji ta kama a dashbod. Ba addu'ar da ban karanta ba. Kuma nan ba a tsayawa a kan otoban haka kawai, in ba motar ce ta mutu murus ba, to ka yi laifi, ko mai ne ya ƙare maka tara za ka biya dan sun ce abu ne da za ka iya kaucewa. Haka na lallaɓa na sauka a mafita ta gaba, na kashe na sake tadawa, sai ga ta garau kamar ba ita ba, fitilar ce kawai ta ƙi mutuwa.

Abun da na fara yi shi ne abun da kowannenku zai yi, na kira tsohon bakanikena na gida a WhatsApp. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ko gaisuwa bamu gama ba yace Yallaɓai buɗe bonet ka kara wayar kusa da inji ka sa wani ya ba ta wuta. Aka ba ta. Ya yi shiru can yace sake. Sai yace Yallaɓai akwai inda iska ke fita, ina jin fito siriri, duba tiyo. Na leƙa ban ga komai ba dan injin duk an rufe shi da baƙar roba. Nace to ya za a yi, yace ai da sauƙi, in ka gano wurin ka ɗaure da roba ko waya, ka cire kan batir na minti biyar fitilar za ta mutu, in ta dawo a canza famfon mai da fulogi, in ta ƙi a wanke nozul, in duk ta ƙi to abun nan ne na cikin salansa mai tace hayaƙi ya toshe a fasa a zubar. Nace Oga motar da ko juyen mai na farko ba a yi mata ba?

Sai na kira inda na saye ta, nan kuma aka fara ɓata min rai. A ƙasar nan komai sai da alƙawarin lokaci, likita, aski, banki, har gareji, baka isa ka tuƙo mota ka faka a bakin gareji kace Malam zo ka ji wannan ƙarar ba. Matar da ta ɗauki wayar cikin ladabi ta karanto min wata rana can gaba kamar ina neman biza, sai da nace mata ƙarfin motar ne ke ɗaukewa a kan otoban sannan muryarta ta canza, tace kar in sake hawa babban titi da ita, ta matso min da ranar.

Ranar da naje, abun da ya faru shi ne ya sa nake wannan dogon rubutun. Babban bakaniken, wani dattijo mai furfura da riga fes ko ɗigon baƙin mai babu, bai taɓa bonet ba sam. Ya shiga ya zauna a kujerar gefe yace in tuƙa yadda na saba, yana kallon ƙafafuna. Ashe so yake ya gani ko ina ɗora ƙafar hagu a kan birki, dan motocin yanzu babu kebul tsakanin totur da inji, sensa ce ke gaya wa kwamfutar motar iya yadda ka taka ita kuma ta yanke hukunci, in ta ji birki da totur lokaci ɗaya sai ta bi birki ta rage wuta. Ya ga ba haka nake ba. Ya sunkuya ya ja shimfiɗar ƙafa ya ga tana maƙale a maɓallanta bata shige ƙarƙashin totur ba. Sannan ya bi maɓallan sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda aka rubuta wa LIM, shi in ka kunna ka sa masa 50 misali to ko ka taka motar ba za ta wuce 50 ba, sai dai in ka danne totur ɗin har ka ji ya wuce wani ɗan tauri a can ƙasa sannan ta sake ka, yace mutane da yawa suna kawo mota a kan ta lalace alhali gwiwa ko yatsa ne ya taɓa wannan. Nawa a kashe yake. Akwai tsarin Eco da ke sa totur ya yi sanyi dan tsimin mai, ya nuna min yadda ake fita daga ciki, yace amma Eco baya kunna fitilar inji kuma baya tsayar da allura a wuri ɗaya. Duk wannan yana yi yana bayani a hankali, in ya ga Jamusancin ya min nauyi ya maimaita, ba tsawa ba kallon raini, wallahi abun da na koya a wannan ɗan zagayen ya fi wanda mai sayarwar ya zuba min ranar da na karɓi makulli.

Sai da ya gama cire duk abun da zai iya zama daga direba ne sannan muka koma ya jona na'ura a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan kafar fa ba sabon abu bace, a Amurka tun 1996 doka ta wajabta ta, a Turai tun 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal, ma'ana motoci da yawa da ke yawo a titunanmu na gida suna da ita, ku sunkuya ku duba. Na'urar ta fito da lamba P0299, wato iskar da turbo ke turawa bata kai yadda kwamfuta ta nema ba. Abun da ya ɗaure min kai, ya juyo min da allon yace ga gudun da kake yi lokacin da abun ya faru, ga zafin inji, ga iya yadda ka taka totur, motar ta adana komai na wannan daƙiƙar. Yace da kwamfuta ta ga lissafi bai daidaita ba sai ta rage ƙarfin injin da gangan dan kar ya yi wa kansa illa, ta bar maka iya wanda zai kai ka gareji, shi yasa in ka kashe ka tada take dawowa daidai har sai ka sake matsa mata.

Daga nan suka hura wani farin hayaƙi cikin hanyar iskar, sai ga shi yana tsartowa ta bakin wani tiyo da ke tsakanin turbo da abun sanyaya iska, kilif ɗin da ke matse bakin tiyon ne bai zauna daidai ba tun daga haɗi. Iska dai. Abun da tsohon bakanikena ya ji da kunnensa ta waya daga wata nahiya, shi na'ura da hayaƙi suka tabbatar. Na tsaya a wurin ina jin daɗi ina jin haushi lokaci ɗaya, dan mutumin nan da za a bashi rabin kayan aikin da ke garejin nan da shekara uku da rabi na koyon da ake yi wa yaran nan kafin a kira su bakanike, ban ga wanda zai kama ƙafarsa ba. A nan ko gareji baka buɗewa sai da mai takardar ƙwarewa ta maigidan sana'a a ciki. Mu kuwa ga kunne ga basira ga hannu, amma maganin sai ya ƙare a canje-canjen kaya har a dace, mai mota na biya.

Kuma kar mu ɗora wa bakanike laifin duka, mu masu motar mun fi su. Waye a cikinmu bai taɓa cewa Malam ni dai kashe min fitilar nan tana damuna ba? A manna baƙin salatif a kai, ko mai wayarin ya buɗe dashbod ya zare ƙwan gaba ɗaya, a cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye tana ta juyi tun daga tadawa, inji baya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai sai ya dinga shan mai muna zagin masu gidan mai. Ni da nace wa dattijon tunda an gyara a goge fitilar in tafi ina da aiki, girgiza kai ya yi, sai da ya fita da motar ya hau otoban da na'urar a jone ya ga iskar ta kai yadda ake so sannan ya sa hannu a takarda. Ya kuma ce in riƙe wannan, in fitilar inji ruwan ɗorawa ta kama a tsaye ka kawo motar da wuri, in tana ƙiftawa to inji na tsallake wuta ne ka sassauta nan take dan ɗanyen mai zai ƙona abun tace hayaƙin, in jar fitila ce ta kama kuwa ka nemi wuri ka tsaya. Ko sisi ban biya ba, doka ta ba mai sayen sabon kaya shekara 2 a duk Tarayyar Turai, ga garantin kamfani a kai. Da ba dan haka ba da na ji a jikina, dan aikin hannu a nan da minti ake lissafa shi.

Amma fa kar ku ɗauka aljanna ce. Motar nan surutu gare ta. Tun Yulin 2024 duk sabuwar motar da aka yi wa rajista a Tarayyar Turai dole ta zo da na'urar da ke karanta allunan iyakar gudu da kyamara, ka ɗara kaɗan ta fara ƙara, wani lokacin ma allon titin gefe take karantowa ta dinga min ihu a kan 30 ina kan titin 70. Ka kashe, gobe kana tada mota ta kunna kanta, haka dokar tace. Ka matsa kusa da farin layi sitiyari ya fizge hannunka. Ka tsaya a danja inji ya mutu da kansa, farkon abun sai da gabana ya faɗi. Birkin hannu ya koma ɗan maɓalli, zafi da sanyi sai ka bi ta cikin allo kana lalube kana tuƙi, safaya babu, wata kwalbar gam ta facin taya da ɗan famfo suka saka a but. Ga ba wanda za ka tsaya ku yi hira ana gyara, ba benci ba inuwa ba yaran gareji masu tsokana, ɗakin jira ne shiru kowa da wayarsa. Ranar Lahadi kuwa ko mutuwa motar ta yi gareji a kulle, sai dai masu jan mota.

Masu cewa in turo musu irinta, ku yi haƙuri ku fara tambaya ko akwai mai na'urar duba ta kusa da ku wanda kuma ya iya karanta abun da ta faɗa, dan ƙaramin inji mai turbo baya yafe baƙin mai na jabu ko jinkirin juye. Ita ƙaramar na'urar karanta lambar ma akwai wadda ake haɗawa da waya, girmanta bai fi akwatin ashana biyu ba, kowa zai iya ajiye ta a mota ko dan ya san me zai ce wa bakanike. In kuma ta hannu za ku saya, kafin a tada inji ku murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa duka, ko ku danna maɓallin tadawa ba tare da taka birki ba, ku nemi mai zanen inji da ta jakar iska da ta birki mai rubutun ABS. Dole su kama sannan su mutu bayan an tada. Wadda bata kama ba tun farko to an riga an zare ta ko an rufe ta, a sa na'ura kafin ku biya.