Sharhi a kan koyon Faransanci da littafin sauraro mai tafiya tare da rubutu

Tun bara nake amfani da wata manhajar waya wadda ke karanta wa mutum littafi da Faransanci yayin da rubutun yake tafiya a fuskar wayar, ana haskaka kowace jimla a daidai lokacin da mai karatu ya iso kanta. Harkar da nake yi da 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai ce ta kai ni gare ta, domin ko da yake da Hausa muke ciniki, takardun kaya da na kwastan da saƙonnin kamfanonin sufuri duk da Faransanci suke zuwa. Abin da na gani shi ne, ta gyara mini kunne fiye da kowane littafin nahawu da na taɓa riƙewa, amma ba ta buɗe mini baki ba, kuma duk wanda ya biya kuɗinta da zaton za ta sa shi ya iya magana, to ya sake shawara.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 2012 kamfanin Amazon ya fito da tsarin da ke haɗa littafin lantarki na Kindle da littafin sauraro na Audible, ta yadda kalmomin ke haskakawa ana cikin karatu. Akwai kuma manhajar LingQ, wadda Steve Kaufmann ɗan ƙasar Kanada ya kafa, da Beelinguapp wadda ke jera harsuna biyu gefe da gefe. Wanda ba shi da halin biya yana iya sauke murya daga LibriVox, inda masu sa-kai ke karanta tsofaffin littattafai kyauta tun 2005, ya nemi rubutun a Project Gutenberg, shafin intanet da ke ajiye tsofaffin littattafai kyauta, sai dai a nan shi zai riƙa bin layin da kansa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba, domin haka malam ke biya wa almajiri, yana ji da kunne yana bin baƙi da yatsa, illa dai wannan malamin ba ya gajiya da maimaitawa, kuma ba ya jin abin da ɗalibin ya faɗa balle ya gyara masa.

Inda manhajar ta fi yi mini amfani shi ne tazarar da ke tsakanin yadda ake rubuta Faransanci da yadda ake furta shi. Mu da muka saba da rubutun boko na Hausa, inda kusan kowane harafi ake furta shi, wannan tazarar tana ba mu wahala ƙwarai. A Faransanci yawancin baƙaƙen da ke ƙarshen kalma ba a faɗarsu, har ta kai “il parle” da “ils parlent” sauti ɗaya gare su, alhali na farko mutum ɗaya ne ke magana, na biyun kuma jama'a. Sannan baƙin da aka yi shiru a kansa yakan farfaɗo idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, kamar yadda “vous avez” ke fita a dunƙule da sautin z a tsakiya. Kafin na fara wannan karatu, ina iya gane jimla a takarda, amma idan aka faɗe ta a waya sai in ji kamar kalma ɗaya ce doguwa. Ganin jimlar tana haskakawa a daidai lokacin da ake furta ta shi ya koya wa kunnena inda wata kalma ta ƙare wata ta fara. Lambobi ma, waɗanda ɗan kasuwa ba ya wasa da su, a nan suka zauna mini, musamman daga 70 zuwa 99, inda Bafaranshe ke kiran 97 da ashirin huɗu da goma sha bakwai.

Sai dai amfanin nan gaba ɗaya ya rataya ne a kan zaɓen littafi. Masanin harshe Stephen Krashen ya daɗe yana cewa mutum na samun harshe ne ta hanyar ji da karanta abin da yake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa kuma ya nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya ke nan a cikin kowace hamsin. Manhajar ta rarraba labaranta bisa matakan auna ƙwarewar harshe na Turai, daga A1 na masu farawa zuwa C2 na ƙwararru, kuma a ganina wannan rabon ya fi duk sauran kayan adon da aka cusa mata daraja. Idan shafin ya fi ƙarfin mutum, muryar ba ta jiran sa, sai ya koma danna kalma bayan kalma yana duba ma'ana, daga nan kuma sauraro ya tashi daga aiki.

Wata matsalar ta fi shafar masu neman na kyauta. Littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare yawancinsu na ƙarni na 19 ne, kuma an rubuta su da wani shuɗaɗɗen lokaci na adabi, wanda ake kira “passé simple”, da ba a amfani da shi a hirar yau da kullum. Mutum zai ƙware a sunayen keken doki da muƙaman fadar sarakunan Faransa, amma ya rasa yadda zai tambayi direba ranar da kaya za su iso kan iyaka. Abin da ya cike mini wannan giɓi shi ne shirin labarai na minti goma da gidan rediyon RFI ke yi cikin sauƙaƙan Faransanci, wanda ake saka rubutunsa a shafinsu, domin kalmominsa na wannan zamani ne kuma labaran Afirka ba su cika ɓacewa daga cikinsa ba. Ya kamata kuma a sani cewa kusan duk masu karatun da ke manhajar lafazin Faransa gare su, wanda ya sha bamban da na jami'in da za a tarar a Dan Issa ko Birnin Ƙonni.

Akwai kuma wani ruɗi da rubutun ke jawowa. Ido ya fi kunne sauri, saboda haka mutum na iya gama babi yana ganin ya ji kome, alhali karantawa ya yi, muryar kuwa rakiya kawai ta yi masa. Maganin da na samu shi ne in fara sauraron babin wayar tana aljihu, sannan in sake bi tare da rubutu, daga baya in rage saurin muryar in riƙa maimaita kowace jimla da ƙarfi a bayan mai karatu. Ko da hakan, maimaita maganar wani daban ne da ƙirƙirar taka a gaban mutumin da ke jiran amsa. Don haka wanda yake Kano kuma yake da niyyar zana jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci, wadda ke da ɓangaren magana baki da baki, ba shi da makawa sai ya haɗa da aji irin na cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française ko wani abokin hira na dindindin.

Ta fuskar aiki, manhajar ba ta rasa aibi ba. A wasu dogayen babuka hasken yakan riga muryar ko ya makara, wanda ke rikita sabon ɗalibi. Wasu labaran kuma muryar na'ura ce ke karanta su, kuma ko da furucinta daidai ne, ba ta da hawa da saukar da ke nuna tambaya ko mamaki ko fushi. Fassarar da ke fitowa idan an danna kalma ta Ingilishi ce, babu ta Hausa, wanda ke nufin wanda bai yi nisa a boko ba an rufe masa ƙofa tun daga farko. Kuɗin wata-wata da dala ake lissafa shi, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi sai ya ƙaru. Data kuwa ba ta da yawan ci, domin sautin awa guda mai matsakaicin inganci bai wuce megabait 30 ba, kuma ana iya sauke babuka tun a gida a saurare su a mota ko inda babu sabis. Shawarata ga wanda bai taɓa jin Faransanci ba ita ce ya fara koyon gaisuwa da lambobi da ginin jimla a wurin malami, ya gwada labaran kyauta na matakin A1, kada ya biya kuɗin shekara sai ya ga yana iya kammala gajeren labari ba tare da ya tsayar da muryar a kowane layi ba.