Shekara uku da ofishin dillalan da ke kula da gidan hayata a Suleja

Na gina ɗakuna shida a unguwar Kwamba da ke Suleja, kowanne ciki da falo da banɗakinsa, domin in samu abin dogaro bayan ritaya. Da yake a Kaduna nake zaune, kuma ba zai yiwu in riƙa bin hanyar Abuja duk lokacin da famfo ya lalace ba, sai na damƙa gidan ga wani ofishin dillalan gidaje da ke cikin garin, bisa sharaɗin su ɗauki kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya a matsayin la'ada.

Tun kafin in sa harsashi suka fara yi mini amfani. Su ne suka hana ni biyan kuɗin wani fili mai araha da ke gangaren rafi, suka kuma dage sai an bincika takardun wanda na saya a ofishin filaye na Jihar Neja, domin a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, kuma takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta kai shaidar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka san ɗan hayar Suleja. Garin nan, wanda shi ne ake kira Abuja kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓi sunan, ya zama makwancin ƙananan ma'aikata da direbobi da masu gadi waɗanda hayar birnin ta fi ƙarfinsu, suna fita da asuba ta Madalla da Zuba, ba sa dawowa sai bayan isha'i. Irin wannan mutum ba fenti ko tayil yake fara dubawa ba, lissafinsa shi ne nawa zai ba ɗan acaɓa kafin ya kai bakin titi, da ko akwai ruwan da zai yi wanka da shi kafin ya fita. Saboda haka suka ba ni shawarar in rage kuɗin ƙawata gida in haƙa rijiyar burtsatse, in kuma sa wa kowane ɗaki mitar wutarsa, abin da ya kashe rigimar kuɗin lantarki tun ba ta taso ba.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Abuja ya yi tashin gwauron zabo, 'yan haya biyu suka tashi. A lokacin na so in ƙara haya, tun da siminti da komai sun yi tsada, amma shugaban ofishin ya ce mini, "Alhaji, ɗakin da ya yi wata uku a rufe ya cinye ƙarin da kake nema har da riba." Na ji haushin maganar, ban ɓoye masa ba, sai dai da na zauna da biro da takarda na tarar gaskiyarsa ce. Sauran huɗun suna nan har yau.

Inda suka gaza shi ne wajen gyara da riƙon amanar lissafi. Lokacin da shadda ta cika da damina, sun kira motar kwasa, sun kuma sake ginin murfin, ba tare da sun tuntuɓe ni ba, daga baya kawai na ga an zabge kuɗi daga haya, kuma rasiɗin da suka turo mini ta WhatsApp rubutun hannu ne wanda ba hatimi ba sunan ma'aikaci. Ban ce sun ci kuɗina ba, amma wanda ke riƙe da dukiyar wani bai kamata ya bar ƙofar zargi a buɗe ba. Sau biyu kuma ɗan haya ya biya kuɗin shekara, kuɗin suka kwana a hannunsu fiye da wata guda sai da na yi ta kira. Ga kuma ɗabi'ar karɓar wata la'adar daga sabon ɗan haya, wadda ko da yake al'ada ce a harkar, tana sa dillali ya fi murna da sabon shiga a kan tsohon da ke biya cikin lumana.

Na sabunta yarjejeniyarmu a bana, amma da sharuɗɗa biyu a rubuce gaban lauya: kuɗin haya ya shiga asusuna kai tsaye sannan ni in biya su la'adarsu, kuma duk gyaran da ya wuce canjin kan famfo ko kwan fitila sai an turo mini hoto da ƙiyasin kuɗi na amince tukuna. Sun ɗan ja da sharaɗin farko na tsawon mako guda, daga baya suka sa hannu.